Tsibiri a Tsakiyar Birni

Mu mutanen ƙasar Makoda ba mu san teku ba. Ruwa mafi girma da idonmu ya saba da shi shi ne na dam ɗin Tomas, sai kuma kududdufan da damina ke cikawa rani ya shanye. Ƙasarmu ta gonaki ce da suka haɗa iyaka da juna, gero da dawa da wake da gyaɗa, babu taƙi ɗaya da ba shi da mai shi, babu kuka ko ɗorawar da ba a san gidan da ke cin ta ba. Don haka a littafi muka fara gamuwa da kalmar tsibiri, aka ce mana ƙasa ce da ruwa ya yi wa ƙawanya, ba a shigarta sai da jirgi, ba a fita sai mai jirgin ya yarda. Masu mulki a sassan duniya sun daɗe da gane amfanin irin wannan wuri. Duk mai son ajiye mutum inda kukansa ba zai isa kunnen kowa ba, teku ya fi masa kowane dogari, domin ba ya gyangyaɗi, ba ya kuma karɓar toshiya.

A cikin irin waɗannan tsibirai babu wanda sunansa ya zagaya duniya kamar Robben, wanda ke bakin mashigin tashar jiragen ruwan Cape Town a Afirka ta Kudu. Yawancinmu mun san shi ne saboda Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 18 a can daga cikin 27 da ya yi a ɗaure. Amma Mandela baƙo ne na baya-bayan nan a wurin. Tun zamanin Turawan Holan ake jibge mutane a tsibirin, har da malaman Musulunci da 'ya'yan sarakuna da aka kwaso daga kudu maso gabashin Asiya, kuma hubbaren ɗaya daga cikinsu yana nan har gobe. Da Ingilishi suka karɓa, sai suka riƙa kai shugabannin ƙabilar Xhosa da suka yi musu turjiya. Daga tsakiyar ƙarni na 19 aka mai da shi wurin killace kutare da masu taɓin hankali, kutaren ba su bar shi ba sai 1931. A Yaƙin Duniya na Biyu aka girke masa igwa ya zama sansanin soja, daga 1961 kuma ya koma kurkukun gwamnatin wariyar launin fata. A 1997 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, a 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Da yawa daga masu yi wa baƙi jagora a yau tsofaffin fursunonin wurin ne. Mutum zai tsaya a ƙofar ɗakin da ya kwana shekara da shekaru, ya nuna da yatsa inda tabarmarsa take.

Mu ma muna da namu tsibirin, sai dai a tudu yake, a tsakiyar birnin Kano. Gidan yarin Kurmawa nake nufi, wanda ke maƙwabtaka da Gidan Rumfa, ba nisa da Babban Masallacin Juma'a da Gidan Makama. Tekun da ya kewaye shi na mutane ne: 'yan talla, ɗalibai, masu Adaidaita-sahu, masu zuwa gaisuwa fada, da mahayan da ke sukuwa ranar hawan salla. Kowa yana bi ta gindin katangarsa, amma tsakanin na ciki da na waje akwai ratar da kwale-kwale ba ya ƙetarewa. Kurmawa sunan unguwa ne, sai dai kunnena bai taɓa fasa jin kurma a cikin sunan ba. A shekarar 2025 aka ji sanarwa daga gwamnatin Jihar Kano cewa za a kwashe mazauna gidan zuwa sabon ginin Janguza da ke kan hanyar Gwarzo, a mai da tsohon wurin adana kayan tarihi. Na yi murna da jin haka, kuma tun ranar nake fama da tambaya ɗaya: tarihin wa za a adana?

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yaɓe. Kafin damina ta faɗi akan kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bi katanga a shafe inda ruwan bara ya zaizaye. Ranar da tsohuwar katanga ta rushe sai ka ga yaɓen hawa-hawa a jikinta, wannan ja, wancan mai duhu da makuba, wani ma da sawun yatsun mutumin da ya daɗe a kabari. Mai wucewa na ƙarshen kawai yake gani. Katangar ɗauri a Kano ta sha yaɓe aƙalla sau huɗu, kowanne da hannun da ya shafa shi.

Na can ƙasa ya girmi zuwan Turawa. Kano tana da kurkukunta, tana da Yari mai riƙe da shi, da dogaran da ke kamo masu laifi. Bayan da sojojin Kanar Morland suka fasa ganuwa suka shiga gari ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Gwamna Lugga ya je ya ga kurkukun da idonsa, ya bayyana shi a rahotonsa. Ɗaki biyu ne, kowanne tsawonsa ƙafa 17, faɗinsa ƙafa 7, babu taga, ƙofar kuwa sai da rarrafe. Ya ce mutum 135 ake cusawa a ciki kowane dare, kuma akwai ramuka a gindin bangon tsakiya da ake zura ƙafafun waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Lugga ba don tausayinmu ya rubuta wannan ba. Yana neman hujjar da zai gamsar da mutanen Landan ne, waɗanda ba dukkansu suka yarda da yaƙin ba. Amma mugun nufin mai shaida ba ya goge abin da ya gani, kuma harshenmu da kansa ya ba da tasa shaidar. Turu da mari da gigar da sasari ba daga bakin Bature muka aro su ba. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani.

Yaɓe na biyu na Bature ne, kuma da sarki ya fara. Sarkin Kano Alu, wanda aka ci garinsa yana ƙasar Sakkwato, an kama shi aka kai shi Yola, daga can aka wuce da shi Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Nan ne tsibirinsa, tare da wasu sarakunan da aka tuɓe daga Zazzau da Bida, har ya rasu a 1926 bai sake ganin Dala ba. A 1910 aka gina gidan yarin Kurmawa, ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan mulkin En'e, tare da kotun alƙali da baitulmali da 'yan doka. Dabarar wannan mulki ita ce Bature ba ya riƙe mabuɗi. Bahaushe ke kamawa, shi ke yanke hukunci, shi ke kullewa, Bature kuwa ya zo ya duba littafi ya sa hannu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, haraji ya zama sai da tsaba. A nan ne igiyar ta ɗauro ƙauyuka irin namu. Tsofaffinmu sukan ce shekarar da fari ko fara ta cinye gona, magidanci zaɓi uku ke gabansa: ya sayar da akuyar matarsa, ya gudu ci-rani, ko ya bi ɗan doka. Waɗanda suka bi ɗan doka su ne mutanen Birni ke gani a bakin titi da gandiroba a bayansu, suna shara, suna yankan ciyawa, suna ɗaukar abin da kowa ke ƙyamar ɗauka.

Yaɓe na uku shi ya fi ciwo, domin hannunmu ne zalla. Ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, ta ce talaka ma yana da bakin magana. Amsar da aka ba 'ya'yanta a garuruwa da ƙauyuka ita ce bulala da tara da ɗauri, bisa tuhumar yin taro ba izini ko zagin manya. Hajiya Gambo Sawaba, wadda tarihin rayuwarta ya ƙidaya mata ɗauri 16, ta ɗanɗana zaman gidan yari a Kano saboda ta shiga gidaje tana wayar da kan mata. Sunanta ya tsira, an sa wa asibiti. Amma bayan kowace Gambo akwai ɗaruruwan manoma da maɗinka da mahauta da ba a rubuta sunansu ko'ina ba sai a littafin mai tsaron ƙofa.

Ɗaya daga cikinsu ƙanen kakana ne, wanda duk gidanmu ke kira Baba Ƙarami. Manomi ne da ya zaɓi tauraro ya bar fartanya a akwatin zaɓe, alhali fartanyar ce a kafaɗarsa kullum. Tutar Ingila ta riga ta sauka lokacin da wani mai iko a yankin ya kai ƙararsa, wai ya tara mutane a gindin tsamiya yana faɗa musu abin da ya fi ƙarfin bakinsa. Wata kotu ta ba shi wata shida, aka tisa ƙeyarsa zuwa gidan yari a Birni. Ranar da aka tafi da shi gero bai kai gwiwa ba. A ƙauye da damina ake auna ɗauri, domin wanda aka kulle daga shuka zuwa girbi shekara guda aka ɗauke masa, shi da duk bakin da ke ci a hannunsa. Aka kira gayya, mutum huɗu suka zo, sauran suna tsoron kada a gan su a gonar ɗan Sawaba. Matarsa da 'ya'yansa suka yi noman fari da maimai, ciyawa ta ci rabin gonar, rumbu ya ƙare tun kafin bazara.

Ya dawo da aski ƙwal, ya koma gonarsa, bai taɓa ba kowa labarin abin da ya gani ba. A gidanmu ba a cewa an ɗaure shi, sai dai a ce "shekarar da Baba Ƙarami ya yi tafiya", da ita ma ake lissafin haihuwar yara. Abu biyu kawai suka riƙa tona shi. Ba ya kwana ƙofa a rufe ko da sanyin hunturu, kuma har ya bar duniya bai yi wa jakinsa dabaibayi ba, gara ya bi shi gonar mutane yana ba da haƙuri. Da labari ya iso ta rediyo a 1979 cewa Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, bai yi jawabi ba, ya dai sa aka yanka zakara. Kakata ce ta warware mini zancen tafiyar bayan rasuwarsa, tana magana ƙasa-ƙasa kamar ɗan doka na laɓe a zaure. Ta ce, "Kai dai ka riƙe a cikinka, ɗan nan. Ba sata ya yi ba." Wannan ita ce takardar wanke shi guda ɗaya da aka taɓa bayarwa, ita ma da baki.

Yaɓe na huɗu shi ne wanda muke gani yau. A 1968 gwamnatin tarayya ta karɓi gidajen yarin En'e, a 2019 kuma doka ta canza wa hukumar suna, aka koma cewa gidan gyaran hali. Harshenmu ya ajiye sunayen duka kamar yadda katanga ke ajiye yaɓe: kurkuku, gidan yari, gidan kaso, fursuna da muka aro daga Turanci, gidan maza na masu son mai da wuya abin alfahari, gidan ɗan Kande na masu son mai da ita abin dariya. Kowane zamani ya zo da sunansa, wanda ke kwance a ciki kuwa bai cika canzawa ba. Ginin da aka tsara don mutum 690 ya daɗe yana ɗauke da fiye da haka. A faɗin Nijeriya, kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, zaman wakafi suke yi, suna jiran shari'a.

Na ga fuskar wannan lissafi a motar haya daga Dambatta zuwa Kano. Wata dattijuwa ce a gefena, ta rungume kwanon samira ɗaure da ɗankwali, ƙanshin dambu yana tashi. Na ce, "Inna, asibiti za ki dubiya?" Ta ce, "A'a, ɗana, wajen yaro za ni. Faɗa suka yi a kan iyakar gona, damina biyu ke nan ana ɗaga zaman." Ta faɗa mini kuɗin motar zuwa da dawowa, ta faɗa mini mudu nawa na wake take sayarwa kafin ta haɗa shi, ta ce wata ɗaya zuwa ɗaya take iyawa. Ba ta ce ɗanta ba shi da laifi ba. Abin da take roƙo shi ne a faɗa mata iyakar abin, ko shekara nawa ne, ta san ranar da za ta fara ƙirgawa.

Saboda waɗannan hawa huɗu nake jin tsoron gidan tarihi mai hawa ɗaya. Mafi sauƙin labari shi ne a rubuta 1910 a bakin ƙofa, a rataye hoton Bature da hular kwano, a ce ga abin da mulkin mallaka ya yi mana. Gaskiya ne, amma rubu'in gaskiya. Irin wannan labari ba ya ɓata wa kowa rai, don wanda ake zargi ya daɗe da komawa garinsu. Mutanen Legas sun riga mu bin wannan hanya, kuma a kan tsibiri na gaske. Kurkukun Turawa da ke titin Broad, inda aka tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, an rushe shi a 1979, a 2010 aka buɗe filin a matsayin wurin shaƙatawa mai suna Freedom Park. Wuri ne mai kyau, ana kiɗa, ana wasan kwaikwayo, ana cin abinci. Manyan da aka tsare ana ambatonsu, dubban da ba su zama kowa ba kuwa iska ta kwashe su. Mu ma in ka shiga gidajen tarihinmu, takubba da sulke da tambura da hotunan sarakuna ne suka fi yawa. Wannan gado ne na gaske kuma ina alfahari da shi, amma tarihin masu doki ne. Kurmawa dama ce ta a ajiye tarihin masu jaki.

Da za a tambaye ni, da na roƙi abu huɗu. A bar ɗaki ɗaya yadda yake, kada a yi masa fenti, kada a sa masa fanka, a bar rubutun da mazaunansa suka kankara a bango, a rufe baƙo a ciki na minti biyar da zafin bazara. A nemo littattafan shiga da fita na zamanin En'e, a fitar da garuruwa da laifuffuka da tsawon ɗauri, domin ɗalibi daga Makoda ko Kunci ko Tsanyawa ya ga mutum nawa aka kawo daga ƙasarsu, da abin da ya kawo su. A tura ɗaliban jami'a ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya, domin 'yan NEPU da suka rage 'yan kaɗan ne, matansu da 'ya'yansu da suka yi noman shekarar tafiya su ma suna ta tafiyar da ba a dawowa. Sannan a ɗauki waɗanda suka taɓa zama a gidan, da tsofaffin gandirobobi, su zama masu jagora, kamar yadda aka yi a Robben.

Na san abin da dattawan garinmu za su ce, domin sun riga sun faɗa mini: garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Maganarsu tana da nauyi. Jikokin wanda ya kai ƙara da jikokin wanda aka ɗaure yau sahu ɗaya suke bi a masallaci, an yi auratayya, an haifi 'ya'yan da jinin ɓangarorin biyu ke gudana a jikinsu. Haka kuma ba duk wanda ya kwana a bayan katangar nan aka zalunta ba. Akwai ɓarayin shanu, akwai masu kisan kai, akwai iyalan da ɗaurin wani ne kaɗai ya share musu hawaye, kuma su ma suna da haƙƙin a ji su a wannan gida. Ba na neman a kafa sunan kowa don a tsine masa. Amma shirun da muka yi shekara sittin bai warkar da kowa ba. Ya bar Baba Ƙarami da kunyar laifin da bai yi ba, ya bar jikokinsa suna raɗa abin da ya kamata su faɗa da ƙarfi, ya kuma bar mu muna ganin cunkoso da jinkirin shari'a kamar ruwan sama ne da ba hannun kowa a ciki.

Hawa na huɗu bai bushe ba tukuna. Ranar da za a yanke ƙyalle a buɗe gidan tarihin Kurmawa, mutanen da suka kwana a cikinsa jiya suna Janguza, bayan gari, inda mai zuwa hawan salla ba zai ma bi ta gindin katangarsu ba. Ginin sabo ne, ya fi faɗi, kuma wannan alheri ne da bai kamata a raina ba. Sai dai tsibirin ya ƙara nisa da gaɓa. Ina fata a ɗakin ƙarshe na gidan tarihin, dab da ƙofar fita, a kafa allo da za a riƙa sabuntawa kowane wata: mutum nawa ke tsare a Jihar Kano yau, nawa ne ba a yanke wa hukunci ba, wane ne ya fi daɗewa yana jira, kuma wata nawa ya yi. Dattijuwa mai kwanon samira ba za ta karanta allon ba. Ita lissafinta ya ƙaru da mota ɗaya, daga tashar da aka sauke ta zuwa hanyar Gwarzo, wato ƙarin mudun wake kowane wata, har ranar da alƙali zai zauna.